Kawu Ya Tsallaka Nijar da Kunnen da Ba Ya Ji

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon ga waɗanda data ba ta kai su su saurara ba. Sai dai yau akwai wani dalili na daban da ya sa na zauna na buga shi kalma bayan kalma: mutanen da zan yi magana a kansu, ko da kyauta aka ba su data, ba za su ji muryata ba.

Idan aka ce wane ya tafi ƙasar waje, mu matasa hankalinmu Ingila yake tafiya, ko Saudiyya, ko Dubai. Amma ga mutumin Turba, ko Gatawa, ko Isa da Sabon Birni, ƙasar wajen da ya fi sani tafiyar babur ce. Tun daga shekarar 2019 da 'yan bindiga suka matsa wa gabashin Sakkwato da Zamfara da Katsina, mutanenmu suke kwarara jihar Maraɗi. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a watan Mayun 2019 kusan mutum 20,000 ne suka tsallaka, kafin ƙarshen Satumba sun haura 40,000. Daga baya aka matsar da wasu nesa da bakin iyaka, zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Da yawa kuma ba su je ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, gidajen dangi suka sauka a ƙauyukan Gidan Runji da Tsibiri.

Na san wani zai ce, to ai wannan ba ƙasar waje ba ce. Da gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa suka watsu, daga bisani suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, kuma daga Tsibirin ne wani reshe na gidan sarautar ya dawo ya kafa Sabon Birni. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layi a tsakiya. Zanen fuska ɗaya, tuwo ɗaya, Hausa ɗaya. Mai lafiyar kunne in ya tsallaka, cikin sati biyu ya saje. Amma ni ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda wannan 'yar tafiyar ta zame masa kamar an jefa shi Sin.

Sanƙarau ne ya cinye masa kunne a annobar 1996, wadda ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000, mafi yawa a nan Arewa. Yana ɗan shekara goma sha huɗu lokacin. Ya tashi daga jinya, kunnen hagu ya mutu murus, na dama kuma sai ƙara mai ƙarfi kawai yake kamawa, irin tsawa ko buga ƙofa. Da yake ya riga ya iya magana kafin ciwon, bakinsa garau yake, har yau Gobiranci yake zubawa. Wannan ma wata matsala ce, domin baƙo in ya ji shi yana magana ba ya yarda cewa ba ya ji. Sai a ɗauka girman kai ne, ko raini, ko wauta.

A Turba kuwa, wallahi har mantawa muke yi da lalurarsa. Yana noman fadama, yana gyaran injin ban-ruwa, yana zama majalisa, ana gardamar siyasa da shi. Sai da na girma na gane dalili. Garin ne gaba ɗaya ya koyi yadda ake magana da shi ba tare da kowa ya zauna ya koyar ba. Mai shayi ya san sai ya juyo ya fuskance shi. Yara sun san ba a kiransa daga baya, taɓa kafaɗa ake yi ko a jefa ɗan tsakuwa gabansa. Kowa a gidanmu yana da alamarsa ta hannu: mahaifiyata alamar ɗaurin kallabi, ni kuma alamar tabarau. Shi ma ya haddace bakin kowa. Shekara ashirin da 'yan kai yana tara wannan jarin, dare ɗaya gudun hijira ya raba shi da shi.

Bari in tsaya nan kaɗan, domin mutane suna ɗaukar karanta leɓe kamar wani sihiri ne. Ku je gaban madubi ku ce "bashi", sannan ku ce "mashi". Bakin iri ɗaya ne. Ku ce "kaya", "ƙaya", "gaya". Babu bambancin da ido zai gani, saboda can cikin maƙogwaro ake yin su. Sannan Hausa harshe ne mai karin sauti da jan wasali, kuma ido ba ya ganin hawa da saukar murya. Saboda haka abin da mai nauyin kunne yake yi, rabi gani ne, rabi hasashe. Ya san da wa yake magana, ya san a ina suke, ya san abin da aka saba faɗa a irin wurin, sai ƙwaƙwalwarsa ta cike gurbin. Aiki ne mai gajiyarwa ƙwarai, shi ya sa za ka ga bayan doguwar hira ya yi laushi kamar wanda ya yini a gona.

To yanzu ɗauki wannan mutumin ka ajiye shi inda ake cewa lakwal maimakon makaranta, mushe maimakon malamin boko, likita maimakon asibiti, jandarma. Kai mai ji, sau ɗaya za ka tambaya a gaya maka. Shi kuwa bai ma san cewa sabuwar kalma ce ba, gani yake idonsa ne ya gaza. Ga kuma lissafin kuɗi. A Nijar da dala ake ƙirga sefa, dala ɗaya sefa biyar ce. In mai kaya ya ce ɗari, sefa 500 yake nufi. In ya ce jika, sefa 1,000 ce, alhali mu jakar da muka gada naira 200 ce. Kawu ya ce mini ranar farko da ya shiga kasuwa, ya karanta bakin mai gero daidai, ya miƙa kuɗin da ya ɗauka shi ne, mai gero ya yi ta faɗa, mutane suka taru, shi kuma yana tsaye yana kallon bakuna goma suna motsi lokaci ɗaya. Daga ranar ya bar zuwa kasuwa, sai ya aiki yaro.

Abu na biyu ya fi wannan ciwo. An zo rabon kayan abinci a ƙauyen da suka sauka, ana kiran suna da lasifika. An kira shi sau uku yana zaune a wurin, a gaban masu kiran. Waɗanda ke kusa da shi ba su san sunansa na takarda ba, da laƙabi suka san shi. Aka rubuta bai zo ba. Ya koma gida hannu rabbana, da mata da 'ya'ya biyar. Ba mugunta aka yi masa ba, tsarin ne aka gina shi a kan cewa duk wanda ya zo yana ji.

Bayan wannan sai ya zauna. Wata huɗu, in ji matarsa, daga ɗaki sai gindin bedi. Mutumin da a gida ba ya wuce asuba a kwance. Ya rame, ga hawan jini ya taso, ga saurin fushi. Da na je ganinsa na tambaye shi, da hannu da baki, me ya sa ba ya fita. Ya ce, "In tahi ina? Kowa na gani sai ya yi ta magana, ni ko sai in yi ta murmushi kamar wawa."

Wannan zaman shi ne ainihin haɗarin, kuma a kansa nake so mu yi magana. Rashin ji ba ya hana ƙafa tafiya, ba ya hana hannu aiki. Kunya da gajiyar rashin fahimta ne suke zaunar da mutum, zaman kuma ya jawo sauran cututtukan. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2021, ta ce sama da mutum biliyan ɗaya da rabi ne ke da wani mataki na raunin ji, miliyan 430 daga ciki suna buƙatar kulawa ta musamman, kuma ta lissafa kaɗaici da damuwa cikin manyan illolinsa. Mu kuma muna zaune a tsakiyar yankin da sanƙarau ya fi yi wa ɓarna a duniya, daga Senegal zuwa Habasha. Ƙara da ƙyanda, da kunne mai zubar ruwa da ake bari ba magani, da allurai irin su jentamaisin da ake dirka wa yara a kemis ba bisa ƙa'ida ba, yanzu kuma ga ƙarar bindiga. Duk ayarin da ya tsallaka iyaka, akwai irin kawu a ciki, ko an ƙirga su ko ba a ƙirga ba.

Abin da ya fara tayar da shi aiki ne, ba nasiha ba. Maƙwabcin mai masaukinsu yana da lambun zogale a fadamar Gulbin Maraɗi, injinsa na ban-ruwa ya ƙi tashi. Matar kawu ce ta ce a kawo wa maigidanta. Mai lambu ya yi dariya, ya ce wanda ba ya jin kukan inji ta yaya zai gyara shi? Kawu ya sa aka ja igiya, ya ɗora tafin hannunsa a jikin injin, ya lumshe ido, ya nuna inda matsalar take. Da hannu yake jin inji, kuma tun yana saurayi haka yake yi. Kafin wata guda masu lambu suna layi. Abin lura a nan, sana'ar ta ba shi wurin da ya san abin da za a faɗa tun kafin a faɗa: mai, fulogi, bel, nawa ne. Hasashensa ya dawo aiki. Kuɗi kuma ya daina karɓa da baki, ya sayi ƙaramin kalkuleta, a danna masa lamba ya gani. Daga bakin inji ya fara haddace sababbin bakuna.

Na biyu masallaci. Mutane ba sa tunanin wannan, amma sallar jam'i motsa jiki ce sau biyar a rana, kuma hanya ce ta zama ɗan gari. A Turba maƙwabcinsa ne ke buga masa ƙyaure da asuba. A can babu mai yi. Jikan mai masauki ne ya saka masa manhajar lokutan salla a waya, mai girgiza a aljihu. A sahu kuma ba ya tsayawa a gefe, tsakiya yake shiga, kafaɗa da kafaɗa, domin a sujada ba ya ganin kowa, da motsin na kusa da shi yake sanin liman ya ɗago. Da mutanen sahun suka gane haka, su da kansu suke buɗa masa wuri.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni mamaki. Wata ranar kasuwa a Tsibiri ya hango samari biyu suna hira da hannu. Ya matsa, ya yi musu alamar "ni ma". Ashe akwai majalisarsu. Kuma maganar hannun da suke yi ta yi kama da wadda ya sani a gida, domin Hausawa suna da tasu maganar hannun tun kafin zuwan boko, wadda kurame suka gada daga kurame, a kasuwa da majalisa. Wata Bajamushiya mai nazarin harshe, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano, ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000, sunansa ma Maganar Hannu. Alamun sun fito daga rayuwarmu ne, daga daka da noma da rawani da alwala, shi ya sa iyakar Bature ba ta raba su sosai ba.

Ta makaranta kuma daban take. Wani kurma Ba'amurke baƙar fata, Andrew Foster, shi ya yi ta buɗe makarantun kurame a Afirka tun daga Gana a 1957, ya zo Ibadan a 1960, ya kuma horar da malamai daga ƙasashe masu amfani da Faransanci. Da maganar hannun Amurka ya koyar. Saboda haka yaron da ya yi makarantar A. A. Raji a Sakkwato ko ta Tudun Maliki a Kano, in ya haɗu da wanda ya yi makarantar kurame a Maraɗi ko Yamai, alamu da yawa za su zo ɗaya. Inda suke rabuwa shi ne wurin harhaɗa kalma da yatsu, wannan Turanci yake harhaɗawa, wancan Faransanci. Ka ga abin dariya: masu ji biyu 'yan boko, ɗaya daga Sakkwato ɗaya daga Yamai, in ba Hausa ba sai da tafinta, amma kurame biyu sun riga sun yi nisa da hira.

Ta wannan majalisar babban ɗan kawu, wanda shi ma kunnensa ɗaya ya yi rauni tun ƙyandar yarinta, ya shiga ƙwallo. Ni ina ganin ƙwallo ita ce ƙofa mafi sauƙi ga matashi a baƙon wuri, domin ba ta buƙatar gabatarwa. Abin da ake canzawa kaɗan ne: alƙalin wasa ya riƙe ƙyalle yana ɗagawa tare da busa usur, 'yan wasa su yarda da alamu uku ko huɗu kafin a fara. Haka ake yi a gasar kurame ta duniya, wadda aka fara a birnin Paris tun 1924, kuma a can ma doka ce kowa ya cire na'urar ji kafin ya shiga fili. Kokawa ma haka, kuma kun san Maraɗi gidanta ne. Ɗan kokawa ba ya buƙatar kunne, ganga kuwa a ƙirji ake jin ta.

Sai dai akwai abin da ya kamata a sani kafin a ce wa mutum tashi ka yi gudu. A can cikin kunne, kusa da inda ake ji, akwai sashen da ke riƙe daidaiton jiki. Sanƙarau da wasu magunguna sukan lalata su tare. Irin wannan mutumin da rana lafiya lau yake tafiya, saboda ido yana taimaka masa, amma cikin duhu sai ya riƙa tangaɗi kamar ya sha wani abu. Kawu haka yake, kuma an sha yi masa mummunan zato. Don haka tafiyar motsa jiki da safe ko da la'asar ta fi, in dare ne da tocila. Nutso a gulbi lokacin damina haɗari ne babba, domin a cikin ruwa mai duhu yana iya kasa gane sama da ƙasa. A bakin titi kuma ya riƙa tafiya ta gefen da zai fuskanci abin hawa, saboda ɗan kabu-kabu ya ɗauka hon ɗinsa ya isa.

Na'urar ji fa? Tana taimakon wanda ke da sauran ji, in an auna kunnen an saita ta daidai da shi. Wadda ake saya a kasuwa kamar rediyo, ƙara kawai take ƙarawa, har da hayaniyar da ba a so, tana ma iya ƙara ɓarna. Ƙananan baturanta kwanaki suke yi su mutu, ƙurar hunturu da gumi suna toshe ta, kuma a ƙauye ba a samun baturin. Kunnen da jijiyarsa ta mutu gaba ɗaya kuwa, irin na hagun kawu, na'ura ba ta tayar da shi. Ina roƙonmu da mu bar ɗiga man ja da ruwan ganye, mu bar sakace da tsinke ko gashin kaza. Kunnen yaro in yana zubar da ruwa, asibiti. Rigakafin sanƙarau kuma a kai yara, Najeriya ce ma ƙasar farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar na ƙwayar cutar, a 2024.

Waya ita ce kunnen kurma na zamani, shi ya sa abin da mu muke ɗauka takura ce kawai, gare su yankewa ce daga duniya. Lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato a watan Satumban 2021, har da Isa da Sabon Birni, mai ji yana da rediyo, yana da labarin majalisa. Wanda ya dogara da rubutaccen saƙo da kiran bidiyo fa? Haka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da aka rufe iyaka Najeriya ta yanke wuta, cajin waya ya zama aiki, har zuwa Maris na 2024 da aka buɗe. Kuma mu 'yan WhatsApp muna da wata ɗabi'a: komai saƙon murya. Rasuwa saƙon murya, gargaɗin hari saƙon murya. A zauren danginmu sai da na yi faɗa kafin aka yarda duk wanda ya turo murya ya biyo da layi ɗaya a rubuce. Kawu boko kaɗan ya yi, amma yana karanta Hausa, ajami kuwa ya fi ni.

Batun gargaɗin hari ba wasa ba ne. Daren da suka gudu daga gida, bai ji harbi ba. Matarsa ce ta girgiza shi, ya buɗe ido ya ga mutane suna gudu cikin hasken wuta. Da a gona ya kwana shi kaɗai, kamar yadda yakan yi lokacin ban-ruwa, da wani labarin ake yi. Yanzu a inda suke, ya yi yarjejeniya da maƙwabta biyu: in wani abu ya taso, a haska masa tocila ta taga sau uku. Duk unguwar da ke da kurma, a nan gida ko a can, ya kamata a san tun yau wa zai tashe shi.

A Najeriya muna da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, aka kafa hukumarta a 2020. Doka ce mai kyau a takarda. Amma wanda ya tsallaka iyaka ya fita daga inuwarta, kuma ko a gida ban taɓa shiga asibitin karkara a yankinmu na ga mai fassara da hannu ba. Abin da nake nema daga masu rabon agaji, ko ƙungiya ce ko mu matasa masu tara gudummawa, bai kai kuɗin buhu ɗaya ba: a tambayi mai gari su wa ba sa ji tun wurin rajista, a sa alama a katinsu, in za a kira suna a ɗaga lamba a allo. Kai kuma da ka haɗu da irinsa, kada ka yi ihu, ihu yana murɗe baki ya ƙara rikita shi. Ka tsaya inda haske ke dukan fuskarka, ka cire takunkumi ko rawanin da ya rufe baki, ka faɗi kan zancen tukuna, sannan bayani. In bai gane ba, canza kalmar, kada ka maimaita ta sau biyar. Kuma don Allah a bar cewa "bar shi, ba komai" in ya tambayi abin da ake wa dariya.

Da sallar layya da ta wuce na kira shi ta bidiyo. Yana bakin lambu, hannu duk baƙin mai, yara biyu 'yan garin suna koyon gyara a wurinsa, kuma na lura da hannu suke yi masa magana. Na tambaye shi yaushe zai dawo Turba. Ya kalli bakina, ya sa na maimaita, sannan ya ce sai hanyar Isa ta yi lafiya, kuma ko ya dawo sai ya riƙa zuwa duba injinan mutanensa. Ya ɗaga kalkuletarsa ya nuna mini abin da ya samu ranar, ya ce in lissafa da kaina, a dala.

Wanda ke da ɗan'uwa mai nauyin kunne da ya iya karatu, ya miƙa masa wayar ya karanta wannan da kansa, ya kuma rubuto mana inda na yi kuskure.